Ranar da Haske Ya Ƙara Gudu a Takardar Alhaji Garba

Na manta sunayen shugabannin makaranta da dama da na yi aiki a ƙarƙashinsu, wasu ma ko fuskarsu ba na iya kawowa, amma ban taɓa manta Talatar da aka miƙo mini jan biro aka ce in yi wa ƙarya maki ba. Ku da kuka shigo aikin koyarwa jiya-jiya kun sha jin ana cewa Malam Isiyaku taurin kai gare shi. Gaskiya ne, ban musa ba. To ga inda sunan ya samo asali, gara ku ji daga bakina kafin masu ƙara gishiri su riga ni.

Abin ya faru a shekarun tsuke bakin aljihu, wajen tsakiyar shekarun tamanin. Damina ta yi ta gardama, Naira ta faɗi, albashi kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Malaman kimiyya baƙi da suka cika makarantunmu, Indiyawa da mutanen Gana, suka tattara nasu ya nasu suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ni a lokacin ina mataki na bakwai, da takardar NCE, shekarata uku kacal da fara aiki, ina koyar da fiziks a sakandaren je-ka-ka-dawo ta ƙauyenmu, arewa da Dawakin Tofa. A duk yankin, malaman fiziks na ainihi ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Saura duk cikon benci ne, mai lissafi, mai aikin gona, duk wanda aka kama sai a ɗora masa.

A da, gwamnati kan biya wa kowane ɗalibin ajin ƙarshe kuɗin jarrabawar fita. Da abubuwa suka tsuke sai aka fito da jarrabawar tantancewa: wanda ya ci a biya masa, wanda ya faɗi ya maimaita aji ko ya koma gida. Ga 'yan ajin kimiyya, sai ka kai maki arba'in a fiziks kafin sunanka ya shiga. Ku tuna 'ya'yan wa muke koyarwa. Manoma ne, masu gonar da aka yi ta rabawa gado har ta koma kamar tabarma, ga rumbu wayam. A ce uba ya biya da kansa a shekarun nan, magana ce kawai. Saboda haka wanda bai kai arba'in ba, galibi karatunsa ya ƙare kenan.

Ga yadda ake aikin. Makarantun yankin kan rubuta jarrabawa rana ɗaya, a tattara takardun a kai wata makarantar kwana da ke kan hanyar Ɗanbatta, a tara malamai su yi maki a ɗakin cin abincin ɗalibai. Ba a rubuta suna a takarda, lamba ce kawai, kuma ba a ba malami takardun makarantarsa. Mai yin maki da jan biro yake aiki. A kansa akwai shugaban tebur mai koren biro, wanda ke zaro takardu daga ƙunshinka ya duba ko ka bi ƙa'ida. Can sama kuma akwai babban mai jarrabawa, wanda ya tsara tambayoyin ya rubuta amsoshinsu a takardar da muke kira sikim. Sikim ita ce alƙali. Abin da ta ce shi ne daidai, don kada yaron da ya faɗa hannun malami mai tausayi ya fi wanda ya faɗa hannun mai tsanani. Ƙa'ida ce mai kyau, har gobe ina kare ta. Idan an gama kuma, akan mayar wa ɗalibai takardunsu su yi bita da su.

Babban mai jarrabawar fiziks na wannan shekarar shi ne Alhaji Garba, mataimakin shugaban wata makaranta, mataki na goma sha uku, mai digiri a aikin gona. Ba mugun mutum ba ne. In maganar taki ce ko cutar gyaɗa, nemi wuri ka zauna ka sha karatu. An ɗora masa fiziks ne don Ba'indiyen da ke yi ya tafi, shi kuma ya fi kowa daɗewa a aiki, a wurinmu kuwa daɗewa ita ce sani. A shekarun wadata akan ware yini guda malamai su zauna su warware kowace tambaya tare kafin a taɓa takardar yaro. A wannan karon aka ce abincin kwana uku kawai aka samu, don haka aka tsallake zaman, aka raba mana sikim da safiyar Talata aka ce bisimilla.

Tambaya ta bakwai mai sauƙi ce, maki takwas. An ce haske yana gudun kilomita dubu ɗari uku a sakan ɗaya a sarari, inda babu komai. An ba da lambar gilashi, ɗaya da rabi, wato awon yadda gilashi ke rage wa haske sauri. Sai aka ce a nemo gudun haske a cikin gilashi. Rabawa ake yi, a sami dubu ɗari biyu. Da na duba sikim sai na ga an ninka, an rubuta dubu ɗari huɗu da hamsin, har da ja masa layi biyu a ƙasa.

Na murza ido na sake dubawa. Na ce bari in ga abin da yara suka yi tukuna. Ban yi nisa a ƙunshina ba na iso kan takarda mai lamba hamsin da takwas. Ban san mai ita ba, ban san makarantarsa ba, har yau ban san ko namiji ne ko mace ba. Rubutu ne ƙanana a matse, irin na wanda ya saba tattalin takarda. Shi ma da farko ninkawa ya yi, ya sami dubu ɗari huɗu da hamsin. Sai ya soke da layi ɗaya, ya rubuta a gefe da ɗan Turancinsa mai ɗingishi cewa wannan ba zai yiwu ba, babu abin da ke wuce gudun haske. Sannan ya raba, ya sami dubu ɗari biyu. Shekara uku ina neman yaron da zai dubi amsarsa ya tambayi kansa ko tana da hankali, ga shi na same shi a ajin wani malamin. Na haɗa makinsa: talatin da bakwai ba tare da tambayar ba, arba'in da biyar da ita.

Shugaban teburinmu Malam Yohanna ne, malamin kemistiri, Bahaushe Kirista daga wani ƙauye yamma da mu, mutum mai sanyin hali da 'ya'ya bakwai. Na miƙa masa takardar tare da sikim. Ya duba, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya sake dubawa, sannan ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Isiyaku, na gani," in ji shi. "Amma dubi ikon Allah. Amsar da ya soke ita ce ta sikim, kuma ana karanta ta sarai. Ka yi mata maki, ka ja layi a kan ta ƙasan. Yaro ya wuce, Alhaji bai ji kunya ba, mu kuma mu ci tuwonmu lafiya."

Na ce, "Malam, takardar nan hannunsa za ta koma. Zai ga na yi maki a kan abin da ya gane ƙarya ne, na soke abin da hankalinsa ya ba shi. Me na koya masa kenan? Sannan waɗanda suka raba kai tsaye, ba su da sokakkiyar amsar da za a fake da ita fa?"

"Su nawa ne?"

Na bi ƙunshin da fensir. A hannuna ni kaɗai, yara tara ne za su faɗo ƙasa da arba'in saboda sun yi daidai.

Malam Yohanna ya yi ajiyar zuciya. "To ka bi a sannu. Dattijo ne, kada ka yi masa a gaban mutane."

Na ɗauki shawararsa. Da aka idar da azahar na sami Alhaji Garba shi kaɗai a kan benci a gindin dalbejiya, na rusuna na gaishe shi, na miƙa masa sikim da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ina jin akwai ɗan tuntuɓen alƙalami a ta bakwai."

Ya karɓa ya duba a nutse. "Babu tuntuɓe, Malam. Gilashi santsi gare shi. Mota a kwalta da mota a burji, wacce ta fi gudu? Iska cike take da datti, gilashi kuwa tas yake. Dole haske ya ƙara wuta in ya shiga."

Ku daina dariya. Wannan ba hujjar wawa ba ce, hujjar mai hankali ce wanda bai karanta abin ba, kuma irinta ta fi wuyar tumɓukewa.

Na ce, "Yallaɓai, a sarari babu komai a gabansa, nan ne ƙarshen gudunsa. Duk abin da ka sa masa a hanya, ruwa ne ko gilashi, jinkirta shi yake yi. Kuma dubu ɗari ukun nan ba gudun haske kaɗai ba ne, iyaka ce ga komai."

"Iyaka!" in ji shi. "Ku yaran yanzu akwai ku da son kafa iyaka. An ce jirgi ba zai wuce gudun sauti ba, ya wuce. An ce ba za a taka wata ba, an taka. Gobe wani zai ƙera abin da zai bar hasken nan naka a baya yana haki."

"Waɗancan matsalar inji ce, ranka ya daɗe, da aka sami inji mai ƙarfi sai aka wuce. Wannan ba ta inji ba ce. Duk abin da ke da nauyi, in ya doshi gudun haske, turin da ake masa yana ta rage amfani. Kamar amalanke ne da duk takun da shanu suka ƙara sai a jibga masa wani buhun gyaɗa. Ka kawo man duniya gaba ɗaya, za ka matsa kusa, ka ƙara matsawa, amma ba za ka kai ba, balle ka wuce."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kana iyakance ikon Allah kenan?"

"Subhanallahi. Wanda Ya kafa iyakar Shi ke da ikon ɗage ta ranar da Ya so. Ni dai ban ji labarin Ya ɗage ta a gilashin tambaya ta bakwai ba."

Nan bakina ya ja mini. Ashe akwai malamai uku a bayan bishiyar suna cin rogo, ɗayansu ya tuntsire da dariya har ya ƙware. Na ga fuskar Alhaji ta sauya. Ya ninke sikim ɗin ya miƙo mini.

"Mataki na nawa kake?"

"Na bakwai, ranka ya daɗe."

"To bi sikim."

Na koma teburina na yi wa ƙunshin nan kaf maki da amsar gaskiya. Wanda ya raba na ba shi takwas ɗinsa, wanda ya ninka na hana shi, kuma na rubuta cikakken sunana a kan kowace takarda don kada a yi wahalar neman mai laifi.

Da safiyar Laraba takardar tuhuma ta iso ni. Ga waɗanda Allah bai jarrabe su da ita ba tukuna, takarda ce da na gaba da kai ke rubuto maka, ya faɗi laifinka, ya ba ka yini guda ka yi bayanin dalilin da zai hana a hukunta ka. Kofi uku ake yi, amsarka ma haka: ɗaya a fayil ɗinka, ɗaya ofishin shiyya, ɗaya hedikwata. A al'ada ba a gardama da ita. Layi biyu na ban haƙuri ake rubutawa, a wuce wurin.

Ban gama karantawa ba aka ce Alhaji na kira. Na same shi a ofis shi kaɗai, a gabansa ga takardar da ke haɗa lambobi da sunaye, wadda shi kaɗai ke da ikon buɗewa.

"Nasiru na makarantarku, ƙanenka ne ko?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya turo mini wata takardar amsa daga ƙunshin wani tebur. Ko ban ga lamba ba na san rubutun, ni na koya masa riƙe fensir. Nasiru ya ninka. An ba shi takwas ɗin, ya tashi da arba'in da uku.

"Cire takwas ka gaya mini saura nawa," in ji Alhaji, "tunda kai ne gwanin lissafi."

Nasiru shi ne autanmu. Mahaifinmu ya rasu Nasiru yana aji biyu na firamare, ni ne ɗan fari, ni na riƙe shi. Gonar da aka bar mana ba ta ciyar da gida ɗaya, balle biyu, don haka tun yana ƙarami Inna ta sa rai karatu ne zai fitar da shi. Shi kuma burinsa ya zama injiniyan ruwa, ya haƙa wa ƙauyenmu rijiyar da ba ta ƙafewa.

Alhaji ya sassauta murya. "Ba don in ci mutuncinka na kira ka ba, Isiyaku. Rubuta layi biyu ka ce ka yi kuskure, ka gyara ƙunshinka, ni kuma in yaga wannan takarda. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na fita na zauna a bayan ɗakin cin abinci kusa da murhu, har rana ta take. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Na ji tsoro, na ji haushin Alhaji, na ji haushin Nasiru, na ji haushin yaro mai lamba hamsin da takwas da ya hana ni zama lafiya. Har na rubuta layin farko na ban haƙurin. Sai na tsaya ina tunanin taran nan da ke ƙunshina, da waɗanda ke sauran tebura da ban ƙirga ba. Kowannensu autan wata ne ko ɗan farin wani. Bambancinsu da Nasiru ɗaya ne, su ba su da wa a ɗakin maki, kuma su ne suka yi daidai. Na yage takardar na jefa a murhu na ɗauko wata.

Amsata ba ta da tsawo. Na rubuta cewa na amsa laifin ƙin bin sikim a tambaya ta bakwai. Dalilina shi ne sikim ta ce haske na gudun kilomita dubu ɗari huɗu da hamsin a sakan cikin gilashi, alhali duk littafin da na taɓa buɗewa ya ce babu abin da ke wuce dubu ɗari uku. Na ƙara da cewa idan babban mai jarrabawa yana nan kan bakansa, ina roƙon ya sa hannu a ƙasa a aika wa jami'a, domin abin da ya gano ya fi ƙarfin jarrabawar tantancewa, kuma bai kamata yankinmu ya yi asarar wannan suna ba. Na ja layi na bar masa wurin sa hannu.

Ƙa'ida ita ce amsar sai ta bi ta hannun shugaban tebur ya yi sharhi kafin ta hau sama. Malam Yohanna ya karanta har ƙarshe. Can sai ya jawo ƙunshina, ya zaro takardu goma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da koren biro. Sannan ya rubuta a ƙasan amsata cewa ya duba, makin daidai ne, ya sa hannu.

Na ce, "Malam, 'ya'yanka fa?"

"Ni kemistiri na karanta, Isiyaku, amma ban karanta hauka ba. In kora ce a kore mu tare. Gonar dawata tana nan inda na bar ta."

Alhaji Garba ya yi zaton layi biyun ban haƙuri zai gani. Da ya ga wannan, ya kuma tuna kofi na uku hedikwata zai tafi, inda har lokacin akwai wani tsohon sufeto da ya san fiziks kamar yunwar cikinsa, sai jikinsa ya gaya masa. Bayan la'asar aka buga ƙararrawa, aka sanar cewa an sami gyara a sikim, kowane tebur ya sake bin tambaya ta bakwai. Ba a faɗi wanda ya yi kuskuren ba, kuma ba wanda ya tambaya. Takardar tuhumar ba ta je ko'ina ba.

Ina jin sanarwar na ajiye girman kaina na koma ofishinsa, na durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, a gyara wa waɗanda aka hana. Amma waɗanda aka riga aka ba, a bar musu."

Ya ce, "A'a, Malam Isiyaku. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Kai ka koya mini jiya akwai iyakar da ba a wucewa ko an kawo man duniya. To arba'in ma haka take."

Ramuwa ce, na sani. Amma kuma gaskiyarsa, don tambayar daidai aka buga ta, ba sikim ce ta sa yara suka ninka ba. Na tashi na kakkaɓe gwiwata na fita.

Ranar Alhamis da yamma na hau kekena na koma gida. Na yanke shawarar ba zan bari su gani a allon sanarwa ba, da bakina za su ji. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓare gyaɗar iri, Nasiru na gefe yana gyara ƙotar fartanya. Na zauna a ƙasa na faɗa musu komai, ban rage ba, ban yi wa kaina ado ba.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari, kuma ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba. Ranar ma faifan da ke cinyarta ta yi wa maganar.

"Shi hasken nan, da an bar shi ya yi gudun nasa, wa zai buge?"

Na fara bayanin yara tara.

"Ni ɗaya na sani," in ji ta. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Nasiru bai ɗaga kai daga kan fartanyar ba. "Yaya, ni ban ce ka yi ƙarya domina ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Yaushe ka koya mana darasin nan?"

Gaskiya ban koya musu ba. Darasin gilashi ya faɗo ne a makon noman farko na daminar da ta wuce, lokacin albashi ya yi ɓatan dabo, ni kuma ciyawa na neman cinye mana gero. Kwana huɗu ina gona. Na ba monita littafina ya kwafa musu a allo, na ce in na dawo zan yi bayani, da na dawo kuma sai na wuce gaba don manhaja na kora ta.

"Mun kwafi lambar," in ji Nasiru. "Ba wanda ya gaya mana abin da take nufi."

Ina iya ce masa geron nan shi ma ya ci. Ban faɗa ba, don ba amsar tambayarsa ba ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na je na yi wa dattijo tsaye a kan ya tsara tambaya a fannin da bai sani ba, alhali ni da na sani na bar ajina a hannun monita.

Na roƙe shi ya maimaita aji, na ce ni da kaina zan zauna da shi kullum. Ya ƙi. Ya ce ba zai zauna benci ɗaya da yaran da yake tura su aike ba. Kafin kaka ta zo ya zama yaron motar wani direba a tashar Ɗanbatta, bai sake shiga aji ba. Ni kuma ƙarshen zango takardar canjin wurin aiki ta zo, aka tura ni wata ƙaramar sakandare can cikin lungu inda ba a koyar da fiziks ko kaɗan. Na daɗe a mataki na bakwai har waɗanda na koyar suka fara tarar da ni. Ba wanda ya taɓa cewa saboda tambaya ta bakwai ne, ni ma ban nemi a faɗa ba.

In kun tambaye ni ko na yi nadama, amsa ita ce a'a. A dawo da ni ɗakin nan gobe, a miƙo mini biron nan, a ɗora takardar Nasiru a gabana, ba zan yi wa dubu ɗari huɗu da hamsin maki ba. Ku bi sikim, ku girmama na gaba, haka aikin yake tafiya. Amma ranar da sikim ta ce muku abin da kun san ba zai yiwu ba, mataki na goma sha uku ba ya mayar da shi mai yiwuwa, kuma sa hannunku ne a kan takardar yaron, ba na Alhaji ba. Sai dai kada ku ɗauka tsayawar da na yi a ɗakin maki ita ce babban aikin. Wannan ta kwana biyu ce, kuma akwai 'yan kallo. Babban aikin shi ne sa'ar darasi da safiyar damina, ba albashi, ba sufeto, ciyawa na kiranka, a nan kuwa faɗuwa na yi. Daga wannan shekarar ban sake barin aji don gona ba, ko da gero zai mutu a tsaye, kuma ya mutu sau biyu.

Nasiru har yanzu yana tuƙi tsakanin Ɗanbatta da Kano, furfura ta cika masa gemu. In ya hango ni a bakin titi yakan tsaya, ya sauke wanda ke gidan gaba ya zaunar da ni. Mukan yi hirar damina da ta 'ya'ya har mu isa. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni kuma ban taɓa iya tambayarsa ba.